Kifin Ɗakin Baba da Kaskon Turaren Inna

Shekarun baya, a shekarar da mahaifina ya kwanta ciwon da bai tashi ba, na taɓa yin jinyar kifi. Na san wasunku za su yi dariya. Ku yi abinku, ni ma da wani ne ya ba ni labarin da na dara. Amma ku bari in kai ƙarshe.

Mahaifina ɗan kasuwa ne, hatsi yake sayarwa, gero da dawa da masara. Duk wanda ya san shi a unguwarmu ta Ƙofar Marke abu biyu zai fara faɗa maka: ba ya tauye mudu, kuma ba a taɓa ganinsa da datti ba. Mutum ne da ke wuni cikin ƙaiƙayi da ƙurar buhu, amma in ya dawo ya yi wanka, ya sa farar riga, ya shafa turare zai tafi masallaci, sai ya daɗe da wucewa ƙamshinsa yana nan a lungu. Ba ya son ko warin zufa, nasa ko na wani.

Wata safiya ya sunkuya zai ɗauki buta, sai ya faɗi. Likita ya ce hawan jini ne. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta tafi, sai “to” da “a'a” da wasu 'yan kalmomi da ke fita da ƙyar. Bayan mako uku aka sallamo mu daga asibiti, muka kwantar da shi a ɗakinsa na kusa da zaure. Daga ranar ya juya fuskarsa bango. Ba wai ba ya iya juyowa ba ne, hannunsa da ƙafarsa na hagu suna aiki. Ba ya so ne kawai. Masu dubiya su zo su yi sallama, su yi addu'a, su tafi, ƙeyarsa kaɗai suka gani. Abinci kuwa cokali biyu ne, ya datse baki.

Ni ne babba a gidan, kuma ni kaɗai ne namiji. Ƙannena mata biyu suna gidajen aurensu a wasu garuruwan. Sai na karɓi rumfar kasuwa. Da safe in leƙa in gaida ƙeyar Baba in wuce, da yamma in dawo da magani da lemo in ajiye. A ganina a lokacin, duk faɗin Sakkwato babu ɗa nagari kamata.

Ina da aboki malamin makaranta, mutumin Filato ne, Kirista, yana koyar da kimiyya a wata sakandare, yana haya a bayan layinmu. A ɗakinsa yana da akwatin gilashi cike da ruwa, da kifi guda ɗaya tak a ciki, irin na ado, ruwan goro, mai bazazziyar wutsiya, bai kai tafin hannu ba. Na sha yi masa tsiya a kan mutum ya rasa abin kiwo sai abin da ko miya ba zai yi ba. Da hutun Kirsimeti ya zo zai tafi gida, sai ya kawo mini shi ajiya. Akwai wani ɗan inji da ke hura iska cikin ruwan ta siririn tiyo, kumfa na tashi. Ya ce kada a bar shi ya daɗe a kashe. Injin da lantarki yake aiki, kuma a ɗakin Baba ne kaɗai muke da wutar sola, saboda fanka, don haka can aka kai akwatin, aka ɗora a teburi daf da gado.

Kwana biyu bayan nan na shigo da la'asar, na tarar mahaifina ya juyo. Idonsa yana bin kifin, in ya yi dama ya bi shi, in ya yi hagu ya bi shi. Rabona da ganin fuskarsa sosai tun asibiti. Ta rame, gemun ya yi fari fat. Na buɗe baki zan yi magana, mahaifiyata ta yi mini alama da ido in yi shiru.

Kafin mako ya zagayo, shi ke ba kifin abinci. A miƙa masa 'yar robar abincin, ya tsinko da yatsun hagu, a tallafa masa gwiwar hannu, ya barbaɗa. Mahaifiyata kuwa ta samu dabara. Da zarar kifin ya gama lamushewa sai ta matso da kwanon fura.

“Alhaji, abokinka ya ci, saura kai.”

Sai ya buɗe baki. Rabin kwano, wata rana ma har ya fi. Da abokina ya dawo daga hutu ya zo ɗaukar kayansa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ga abin da ke faruwa, sai ya ce mini a hankali, “Kifin nan ya samu gida, a bar shi.” Haka muka yi wata uku da ɗoriya. Baba bai warke ba, amma yana cin abinci, kuma masu dubiya suna ganin fuskarsa.

Sai zafi ya shigo. Wanda ya san Sakkwato a bazara ba sai na yi masa bayani ba, ruwan buta ma ƙona hannu yake yi. A wannan tsakanin na lura ƙamshin turaren wuta ya ƙaru a ɗakin Baba. Mahaifiyata da kanta take haɗa shi, da itace da sukari da turarukan mai, kuma mata har roƙonta suke zuwa yi. Da can sau ɗaya take sawa a rana. Yanzu ya koma sau uku: da hantsi, da la'asar, da bayan magariba, wato duk lokacin da masu dubiya suka saba zuwa. Ta ɗora shi a kasko, ta rufe ƙofa da taga don hayaƙin ya kama labule da zanin gado. Ni dai na ji ƙamshi na ce madalla, ban sa komai a raina ba.

Wata Litinin na dawo daga kasuwa na ga kifin a saman ruwa, bakinsa a waje, yana buɗewa yana rufewa. Na dube shi irin duban masana, na yanke hukunci cewa yunwa ce. Ai duk abin da ya buɗe baki abinci yake nema. Na ninka masa abinci. Bai ko kalla ba, abincin ya nutse ƙasa ya kumbura, washegari ruwan ya yi gurɓi-gurɓi.

Sai na canza shawara na ce zafi ne. Na sayo ƙanƙara a bakin titi, na fasa, na jefa masa ƙatuwa guda. Kifin ya yi ƙasa da gudu, ya karkace gefe ɗaya, ya daɗe a haka, sannan ya sake tasowa yana haki fiye da da. Wurin nan na gefen kansa da ke buɗewa yana rufewa, wanda muke ce wa kunne, ta nan ne yake numfashi, sai bugawa yake yi ba tsayawa.

Ranar Laraba na ce ai datti ne. Na kwashe kifin na sa a roba, na fitar da akwatin tsakar gida, na wanke shi tas da garin sabulu, har tsakuwar ƙasan sai da na cuɗa. Na cika shi da sabon ruwan famfo, na mayar da kifin, na ja da baya ina yaba aikina. Rabin wuni ya ɗan lafa. Kafin magariba ya koma sama, wannan karon wutsiyar ma ta daina bazuwa, ta tattare wuri ɗaya.

Abokina ba ya gari, an tura su wani gari aikin jarrabawa. Na kira shi na zayyana masa ƙoƙarin da na yi, ina jiran yabo.

“Don Allah kada ka sake taɓa shi,” ya ce. “Kada ka ba shi komai. Asabar ina nan tafe.”

Abin da ya tayar mini da hankali ba kifin ba ne. Tun ranar da kifin ya daina ci, Baba ya daina ci. Ya tsinko abincin ya barbaɗa, kifin bai zo ba, sai ya mayar da hannunsa ya rufe baki. Mahaifiyata ta yi lallashi har ta gaji. Ranar Juma'a da safe na shiga gaisuwa, sai ya ƙwanƙwasa gilashin da farcensa, sannan ya nuna ni da yatsa, ya dube ni cikin ido. Tun da ya kwanta bai taɓa neman komai a wurina ba sai ranar. Nan na fahimci in kifin nan ya tafi, Baba zai sake juya fuskarsa bango, kuma jikinsa ba shi da sauran abin da zai ƙara ramewa.

Asabar da la'asar abokina ya iso, ko gida bai biya ba. Ya yi daidai da an gama turara ɗakin. Yana shiga ya yi tari, ya durƙusa ya gaida Baba, sannan ya ja kujera gaban akwatin ya zauna. Ya daɗe yana kallon kifin. Daga nan ya wanke hannu ba sabulu, ya kamo kifin a hankali cikin ruwa, ya ɗaga marfin kunnen da bakin farce, ya ce in duba.

“Nan wurin ja wur ya kamata ya zama, kamar ɗanyen nama. Ka ga yadda ya yi fari-fari, ga yauƙi. Babu ƙuraje a jikinsa, babu tsutsa. Ba cuta ya kama ba, abu ne ke ƙona masa wurin numfashi.”

Ya shiga yi mini tambayoyi. Ruwan daga ina? Na ce famfo. Ya kwana kafin in zuba? Na ce a'a. Ya ce ruwan famfo akwai maganin da ake zuba masa, sai ya kwana a buɗe yake fita. Da na kai ga zancen sabulu da ƙanƙara sai ya dafe kai.

“Ka yi masa laifi uku,” ya ce, “amma ba kai ka fara ba. Tun kafin ka taɓa shi yake haki. Akwai wani abu.”

Ya duba injin, yana aiki. Ya sa hannu ya ji ɗumin ruwan. Sannan ya sunkuya har idonsa ya yi daidai da saman ruwan, ya ce in buɗe taga. Da haske ya shigo ni ma na gani, wani siririn maiƙo ya lulluɓe saman, irin wanda ke tasowa a kan miya. Ya yagi takarda ya shimfiɗa a kai, ya ɗaga, ya shinshina, ya miƙo mini. Ƙamshin turaren mahaifiyata ne, ba ko tantama. Ya kifa injin ya buɗe ƙasansa, ya zaro wata 'yar auduga da ke tace iska. Ta yi baƙi ƙirin, tana danƙo a hannu.

“Injin nan ba ya zaɓe,” ya ce. “Iskar da ke ɗaki ita yake turawa cikin ruwa. Hayaƙin nan kifin yake sha sau uku a rana. Ga zafi, ruwa in ya yi ɗumi ba ya riƙe iska sosai. Ga man turaren ya rufe saman. Ta ina zai yi numfashi?”

Na ce a zura tiyon ta taga, a ajiye injin a waje. Ya ce za a yi hakan, amma bai isa ba, domin man zai ci gaba da sauka a kan ruwan, kuma in aka rufe akwatin a wannan zafin an gama da shi. Hanya biyu ce kawai: a fitar da kifin daga ɗakin, ko a daina turare. Fitar da shi kuwa ni da shi duk mun san ba magana ba ce. Ya tsara mini sauran: kullum a ɗebe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, a mayar da wanda ya kwana a randa, a sa ɗan gishiri kaɗan, a riƙa kwashe maiƙon da takarda, kwana uku ba abinci, taga a buɗe.

Na raka shi waje na dawo da ƙarfin gwiwata, na gano mai laifi. Mahaifiyata tana bakin ƙofar ɗakin tana hura gawayi a kasko, tana shirin na magariba.

“Inna, ashe turarenki na ka kashe kihin ga. Daga yau a bar sa shi.”

Ta ɗago a hankali. “Mi kac ce?”

Na maimaita, har da ƙarin bayanin iska da maiƙo, ina yi ina kwaikwayon muryar abokina. Ta bari sai da na gama. Sannan ta ajiye maficin, ta kama wuyan hannuna, abin da rabonta da yi tun ina firamare, ta ja ni bayan ɗaki inda ban cika zuwa ba. Baho biyu ne cike da zannuwa a jiƙe, ga wasu a kan igiya. Warin da ya buge ni sai da na kau da kai.

“A'a, kak ka kau da kai. Diba. Wata biyu ke nan babanka bai iya riƙe hitsari, wani bi har da bayan gida. Ka sani?”

Ban sani ba.

“Kwana shidda kana hidima da kihi. Ka wanke mai gida, ka wanke mai tsakuwa, ka sawo mai ƙanƙara. Sau nawa kat tambaye ni wa ka juya babanka? Wa ka wanke shi? Ba ni iya ɗaga shi, bayana ya ƙare. Iyakar inda hannuna yak kai nika gogewa. Katihwar ga ta jiƙe har ƙasa, wa zai hidda mani ita rana?”

Ta buɗe tafukan hannunta a gabana. Duk sun tsattsage saboda sabulu.

“Mutumin da ba a taɓa jin warin zuhwa gare shi ba, ni za ni bari abokan kasuwatai su shigo su toshe hanci? Saboda kihi? Wanga turare shi kaɗai yar rage mani in ruhe mai asiri da shi.”

Da ina da hankali da nan na yi shiru. Amma kunya ta sa ni taurin kai, na ce ai in kifin ya mutu Baba ba zai ƙara cin abinci ba. Ta ce ta fi ni sani. Muka dawo bakin ƙofa muna ta sa-in-sa, murya a sama, ga taga a buɗe, mun manta mai ɗakin bakinsa ne ya shanye, kunnensa lafiya lau. Aka kira magariba. Da na dawo daga masallaci na tarar ta zuba turaren a kan garwashi, ta ɗauki kaskon ta shiga. Na bi bayanta.

Tana matsowa kusa da gado Baba ya ɗaga hannun hagu ya tare kaskon.

“A'a.”

“Alhaji, mutane na tahe.”

“A'a.” Ya nuna akwatin gilashin.

Ta tsaya tana kallonsa, hayaƙi na tashi a tsakaninsu. Sannan ta juya ta fita, ta kwara wa garwashin ruwa, ta shiga madafa ta zauna a kan turmi. Na hango kafaɗunta suna rawa. Ban taɓa ganin mahaifiyata tana kuka ba sai ranar, ko a asibiti ba ta yi a gabana ba.

Ba a jima ba abokan kasuwar Baba uku suka yi sallama. Turaren la'asar ya riga ya fita ta taga, ainihin warin ɗakin ya fito, ni ma a lokacin na fara jinsa. Dattawa ne masu kara, ba wanda ya nuna komai. Sai dai ɗaya ya ɗaga hannun rigarsa kamar zai share zufa, ya bar shi a kan hancinsa. Addu'ar da suka saba ja ta gajarce, suka miƙe da wuri. Baba bai dube su ba ko sau ɗaya, idonsa na kan kifin, hawaye na gangarowa ta gefen da ya shanye yana shiga kunnensa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Washegari ban je kasuwa ba. Bayan asuba na ɗora ruwa, na surka, na ɗauki baho da soso da tawul na shiga. Da na kai hannu zan cire masa riga sai ya damƙe wuyan hannuna. Da sauran ƙarfi a hannun nan.

“Baba, ni na. Ka yi haƙuri. Inna ta gaji.”

Ya daɗe kafin ya saki. Ya rufe ido, kuma bai buɗe ba har na gama. Na ɗaga shi na ji ba shi da nauyi, mutumin da nake gani yana saɓa buhun gero shi kaɗai. A kwankwasonsa na dama akwai gyambon kwanciya, inda hannun mahaifiyata ba ya kaiwa. Na wanke, na sa magani, na shimfiɗa shi a tabarma, na kinkimi katifar na kai rana.

Haka kwanakin suka koma. Da asuba Baba, sannan kifi. In gama wanka da canjin zani, in ɗebe ruwan akwatin, in mayar da na randa a hankali ta gefen gilashi, in shimfiɗa takarda in kwashe maiƙo. Da azahar in rufe rumfa in dawo in juya shi, da la'asar in sake. Warin ya ragu ƙwarai amma bai tafi duka ba, ɗakin mai jinya ba ya rasa nasa. Masu dubiya suka ci gaba da zuwa, Baba ya ci gaba da haƙuri da su. Kaskon yana kife a bayan madafa, ba wanda ya ambace shi.

A kwana na uku kifin ya sauko tsakiyar ruwa. A na biyar Baba ya saka masa ƙwaya ɗaya, kifin ya yi jim, ya taso ya ɗauke. Baba ya yi wani sauti da ban san ko dariya ba ce, mahaifiyata ta ruga ta damo fura, ya sha kusan rabi. Na kira abokina ina ta murna. Ya ce madalla, amma in bi a hankali, wurin numfashin da ya ƙone ba kullum yake komawa daidai ba. Na ji haushinsa, na ɗauka baƙin baki ne kawai.

A kwana na bakwai kifin ya sake ƙin abinci. A na takwas ya daina hawa sama ma, ya koma kusurwa ya lafe. Abokina ya zo ya duba, ya ce babu sauran abin da za a ƙara, a bar shi kawai. Safiyar kwana na tara na gama yi wa Baba wanka, na jingina shi da matashi, muka ga kifin kwance a kan tsakuwa ta gefe ɗaya. Kunnen yana buɗewa, ya daɗe, ya rufe. Na zauna a bakin gado, ni da shi muna kallo, ba wanda ya motsa. Tazarar tana ƙara tsawo. Wajen hantsi ya buɗe bai sake rufewa ba.

Na jira, ko zan ga wani motsi. Da na tabbata sai na miƙe na kashe injin. Sai a lokacin na gane wata huɗu ɗakin bai taɓa yin shiru ba. Na sa hannu na ɗauko kifin, na fita da shi a tafin hannuna, na tona rami a gindin bishiyar tsakar gida na rufe.

Da na dawo Baba yana nan yadda na bar shi, yana kallon ruwan da babu komai a ciki. Mahaifiyata ta shigo da kwanon kunu, ta ga akwatin, ta tsaya cak. Bakinsa ya shiga motsi, yana kokawa da wata kalma. Muka matsa kusa.

“Tu... turare.”

Ta dube ni, ta dube shi. “Alhaji, ɗakin ba shi da komi yanzu, an gyara.”

“Turare.”

Ta ajiye kwanon ta fita. Na ji tana kakkaɓe kaskon, tana hura gawayi. Ta shigo da shi ta ajiye a ƙasan gado, ta rufe taga da hannunta. Hayaƙi ya cika ɗakin. Baba ya dafa katifa da hannun hagu, ya ja jikinsa a hankali, ya juya bango.

Mako na zagayowa abokina ya kawo wani kifin, kusan irin wancan. Muka cika akwatin, muka kunna injin, mahaifiyata ta ce, “Alhaji, ga baƙo an kawo ma.” Bai juyo ba. Kwana uku muna jira, sannan abokina ya zo ya ɗauke kayansa gaba ɗaya. Abinci ya koma cokali biyu, daga baya ɗaya, daga baya sai ruwa. Na ci gaba da yi masa wanka kowace asuba, kuma ya daina riƙe mini hannu. Mako shida bayan mutuwar kifin, ana gab da faɗuwar damina, Allah ya karɓi abinsa. Da liman ya zo wankan gawa ya ce in tsaya in taimaka, ba sai da aka nuna mini inda zan sa hannu in juya shi ba.

Na san kifi bai riƙe ran kowa ba, kwana ne ya ƙare. Amma har yau in na tuna sabulun nan da ƙanƙarar nan sai abin ya dame ni. Abokina ya sha ce mini hayaƙin ne ya yi ɓarnar tun farko, ni kuwa na san wanda ya ƙarasa. Abin da ya fi ci mini rai ma ba wannan ba ne. Kwana tara mahaifina ya yarda mutane su ji warinsa, shi da ya fi kowa ƙin haka, don wata 'yar halitta ta samu numfashi. Mu kuwa muna tsaye a kansa muna yanke abin da ya dace da shi, kamar ba ya nan.

Mahaifiyata tana nan da ranta, tana wurina yanzu. Shekaru muka yi ba mu tayar da zancen ba. Bara ne wata rana na same ta a tsakar gida tana tsince wake, na zauna kusa da ita, na ce ta yafe mini watannin da na bar ta ita kaɗai da jinya. Ba ta ɗago ba, hannunta bai bar tire ba.

“Na yahe ma tun tuni,” ta ce. “Amma ka gode ma kihin ga. Da bai yi ciwo ba, da har anka binne babanka ba ka san nauyinai ba.”

Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta ture tsakuwa gefe ta ci gaba da tsintar wakenta, ni kuma na san gaskiya ta faɗa.